Minti Huɗu Gaban Rana

A cikin bangon littafi, na ƙara daga baya

Kai mai leƙa littafin da ba naka ba, tunda ka buɗe, zauna in ba ka aiki. Mene ne ba shi da baki amma kullum sai ya yi magana sau ɗaya, ba shi da ƙafa amma kullum yana riga jiyansa da minti huɗu, masu ilimi suka ɗaga kai suna nemansa har wuyansu ya ƙage? In ka kasa ka ba ni gari. Ban da Amsterdam, ba na son hayaniya.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe 4:00 na yamma

Harm ya yi tari, na zuba gahawa, na ɗauki biro. Kada wani ya ce Hillie ta fara ruɗewa: na san wata bakwai ke nan da muka binne mijina. Famfon da ya haɗa a ɗakin tumaki nake nufi. Wani tsohon agogo ke tayar da shi sau ɗaya a rana, ya yi ƙoho-ƙoho irin na mai shi, ya cika kwamin ruwa, ya yi shiru. Tumakin na sayar tun Nuwamba. Ruwan yana malala cikin rami. Ina ruwan wani?

Yau raina a ɓace yake. Jarida ta zo da hoton Farfesa Stolwijk, ya harɗe hannu a gaban eriyoyin nan da cibiyarsu ta binciken sama ta shuka a tsohuwar gonarmu ta dankali, kamar gizo-gizon waya sun yi sahu. “Mun gano wani abu a sama da ke aiko da ƙyas sau ɗaya kullum.” Mun! Shi da wa? Jikata Renske ce ta yi shekara huɗu cikin takalmin roba tana tsallake taɓo a gonar nan, tana neman abin da za ta rubuta digirin dakta a kai, ba ta samu komai ba sai bara. Na sa tabarau na nemi sunanta. Layi na goma sha ɗaya: “da taimakon wata ɗaliba.” Wata! Takalminsa a hoton ko ɗigon laka babu.

Na naɗe ɓawon dankali da fuskarsa.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe 3:52

Renske ta zo a keke da rana, ta cinye mini rabin tukunya. Na ce, “A birni ba sa ba ku abinci ne, ko taurari kuke lasa?”

Oma take ce mini, wato kaka, Harm kuma Opa. “Oma, bar zancen jarida. Kin san yadda muka tabbatar ba daga ƙasa yake ba?”

“Na sani mana. Ni na koyar da farfesan naku.”

Ta ɗauki faranti da dankali ɗaya tana juya mini su a kan tebur. Wai duk abin da mutum ya ƙera agogon mutum yake bi: jirgin ƙasa, injin tatsar madara, firjin maƙwabciyata Geesje. Da kwamfuta ta ga ƙara tana dawowa a lokaci guda kullum, sai ta zubar, ta ce ta 'yan ƙasa ce. Amma taurari kullum suna riga jiya fitowa da kamar minti huɗu. “Nawa ma haka yake, Oma. Minti huɗu, minti huɗu, tun Satumba bai kuskure ba. Wane ɗan Adam ne zai bi lokacin taurari?”

Na ce, “Satumba.”

“Mako guda bayan rasuwar Opa na fara ganinsa. A takarda lambobi ne sunansa. A raina Opa nake ce masa.” Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce. Babu albasa a girkin.

Ta tafi kafin uku, tana so ta kasance gaban kwamfuta in ya zo.

Na duba kan shafin shekaranjiya. Na rufe. Mace mai aiki ba ta zama tana lissafi. Madara ta ƙone, laifin tukunyar ne.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe 3:44

Roelof ya zo da safe, ɗan Geesje, mai motar cibiya da ke da ƙaho a ka, wadda yake farautar tartsatsin lantarki da ita. Ya haura hamsin, furfura ta fito, amma ni na sha share masa majina, don haka ban tashi ba.

“Goggo Hillie, ranar Talata manyan farantan sauraron sama uku na ƙasashen waje za su juyo da kunne wajen abin Renske. Ni kuma zan ajiye mota a bakin hanyarki in saurari unguwa. Ba ki da wani abu mai tartsatsi, ko? Shingen lantarki, tsohon inji?”

“Abin da ke tartsatsi a gidan nan harshena ne. Za ka auna?”

Ya yi dariya, ya tuna mini takardar da Harm ya sa wa hannu shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da aka kafa eriyoyin, cewa ba shi da abu mai tartsatsi. Na ce in an samu fa? Ya ce, “Mu ɗauke, mu kawo miki sabo fil, marar ƙara.”

Sabo fil. Marar ƙara. Ya faɗa yana murmushi kamar kyauta zai ba ni. Na hana shi biskit na biyu.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe 3:28

Shiru. Tun safe na zare filogi. Motar Roelof na bakin hanya da ƙahonta.

Don kada su ɗauke shi na yi. Ba don komai ba. Ba don komai ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe 3:24

Na mayar da filogi. Ya yi tari lafiya lau, kamar ba a yi komai ba. Haka yake tun yana da rai.

Renske ta bugo da safe, murya kamar ta mai mura. “Oma, bai zo ba. Wata bakwai bai taɓa fashi ba, sai ranar da duniya ta kasa kunne. Farantai uku ba su ji komai ba. Eriyoyinmu ma ba su ji ba.”

Na ce kunnuwan baƙin ne da datti. Na zagi farantan ɗaya bayan ɗaya, na haɗa da ƙasashensu. Ba ta yi dariya ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe 3:20

Renske ta ce wai jiya ya dawo. Na ce to madalla. Ta ce ba madalla ba ne.

Farfesa ya kira ta ofis. Wai abin mamaki ne: tashar da ke gonarmu kaɗai ke jinsa, tsarin da ita ta rubuta kaɗai ke tace shi, kuma ranar da wasu suka sa ido sai ya ɓuya. Bai ce ta yi ƙarya ba. Masu ilimi ba sa cewa ƙarya, ɗaga hanci suke yi su ce “akwai tambayoyi.” A wasiƙar da ya aika wa mutanen farantai ya rubuta, “ɗalibata ta ba da rahoton.” Ina “mun” ɗin ya shiga? Kwana goma kacal, “mun” ya rame ya koma “ta.”

Da na san haka zai yi, da ba ɓawon dankali zan naɗe da shi ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ranar Ista, ƙarfe 6:00 na yamma

Na dafa ƙwai goma sha biyu kamar kowace shekara, na manta mai cinye su ba ya nan. Renske ta ci rabin ɗaya.

Sun rufe mata hanyar shiga kwamfutocin cibiya, “har a gama dubawa.” Wato yau ba ta da inda za ta ruga kafin uku. Ta miƙe ƙafa a kujerar Harm, ta ce za ta wuni. Na dubi agogon bango. Uku saura kwata.

“Tashi mu je mu ga tarin itacen da za a cinna wa wutar Ista da dare.”

“Oma, ke da gwiwarki?”

“Gwiwar tawa ce ko taki? Tashi, kin zauna kamar buhun gero.”

Na ja ta har bayan coci, nesa, inda ba a jin komai sai iska. Yara na jan rassa, Geesje na ba da umarni kamar ita ta haifi wutar. Muna tsaye Renske ta ce, “Oma, ke kin yarda da ni?”

“Ke? Ke da ko ƙaryar kin wanke hannu ba ki iya ba? Kina shekara biyar kunnenki ke yin ja in kin ɓoye alewa.”

Ta kwantar da kai a kafaɗata. Ta fi ni tsawo, sai da ta ranƙwafa. “Wani lokaci ina tunanin ko na haukace ne. Ko don ina so ya kasance Opa ne nake ganinsa.”

Na ce mata ta daina shirme.

Yau ce rana ta farko da ya yi tari ba na gida. Gwiwata ta kumbura. Ta yi daidai.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 3:00

Ya yi tari. Ban zuba gahawa ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe 2:52

Takarda ta zo wa Renske. Kwamiti zai zauna Laraba 30 ga wata, ƙarfe goma. Ta karanta mini ta waya, kalmar tana ciki yanzu baƙi da fari: ko ta ƙirƙiri bayanan. In suka ce ta ƙirƙira, shekara huɗu sun bi ruwa, kuma babu gidan kallon taurari a duniya da zai sake buɗe mata ƙofa.

A kanti Geesje ta tare ni tsakanin burodi da cuku. “Hillie, na ji abin da ya samu yarinyar. Ai yaran yanzu matsi ya yi musu yawa, sai su ɗan gyara lamba. Ba ma ganin laifinta.”

Na ce, “Geesje, ke da kika shekara talatin kina cewa gashin nan naki ne, ke ce za ki yi wa mutane bayanin gyara?”

Duk kantin ya ji. Ban yi nadama ba.

Masu laifi: Farfesa. Roelof da ƙahonsa. Farantai uku. Wanda ya ce a shuka waya inda ake shuka dankali. Harm.

Jerin ya ƙare. Na ce ya ƙare.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe 2:40

Bayan coci na shiga ɗakin tumaki na murɗa makullin agogo, kamar kowace Lahadi.

Agogon kicin ɗin uwarsa ne. Harm ya ƙara masa faifai mai zagaye sau ɗaya a rana, da ƙusa a jiki. In shida na safe ta yi, ƙusa ta taɓa waya, ta yi ƙyas, famfo ya tashi. Tun ranar da na shigo gidan nan agogon gudu yake, irin na uwar tasa, ita ma kullum tana gaban mutane. Duk Lahadi Harm zai dawo coci, ya cire hula, ya mayar da hannun agogo baya kusan rabin awa. Ni ba ya bari in taɓa hannun. “Ke murɗa, ni gyara,” haka yake cewa, shekara hamsin da ɗaya. Ya gyara ranar Lahadi, ya faɗi ranar Litinin a bakin kwamin.

Ni kuwa na ci gaba da nawa aikin. Nasa ban taɓa ba. Inda yatsansa ya bar hannun, daga nan yake tafiya. Da kaka tarin ya koma asuba, da hunturu yana tashe ni daga barci, yanzu ya gangaro yamma. Na bi shi duk inda ya je.

Na tsaya na zazzage masa. Na ce, “Kai tsohon banza, ka ga abin da ka ja? Kana da rai ko sau ɗaya ba ka shiga jarida ba, sai da ka mutu ka zama tauraro? Ka sa wa takardar mutane hannu ka ce ba ka da abu mai tartsatsi, ka dawo gida kana dariya. Sau nawa na ce ka kai agogon nan gyara? Sau nawa? Yanzu ka kwanta abinka ka bar ni da zaɓi: ko in ba su kai, ko in ba su ita.”

Ƙusa ta taɓa waya. Na ga tartsatsin da idona, shuɗi, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya yi ƙoho-ƙoho.

Na ce, “Na ji. Ba sai ka maimaita ba.”

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe 2:36

Na buga waya uku. Roelof ya ce zai zo da mota da kwamfutar da ke nuna abin da eriyoyi ke ji nan take. Renske ta ce, “Lafiya, Oma?” Na ce ta zo kawai. Farfesa ya ce aiki ya yi masa yawa. Na ce masa, “Yaro, gobe ƙarfe biyu, ka zo da takalmin roba. In ba ka zo ba, mai ɗaukar hoton jaridar nan zan gayyata a madadinka.” Ya ce zai duba. Zai zo.

Na gasa kek ɗin tuffa. Na saurari tarin har ƙarshe, har ɗigon ruwa na ƙarshe. Gahawa biyu na zuba.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe 6:15 na yamma

Sun zo. Farfesa da takalmi mai sheƙi, Allah ya ƙara.

Na tsayar da su a ƙofar ɗakin tumaki. Na ce, “Renske, yau ƙarfe nawa tauraronki zai yi magana?”

“Biyu da minti talatin da biyu.”

“Yanzu fa?”

“Biyu da biyar.”

“Roelof, buɗe kwamfutarka. Zan kira shi yanzu.”

Farfesa ya dubi Renske irin kallon nan na a kai tsohuwa asibiti. Na shiga. Na tsaya gaban agogon. Na sa yatsa a hannun agogon, inda Harm yake sa nasa, na tura. Ƙyas. Ƙoho-ƙoho.

Na'urar motar Roelof ta ƙwala ihu har tsuntsaye suka tashi. Ya dubi kwamfuta, ya ce, “Kai! Ga shi nan! Shi ne, sak!”

Farfesa ya ce, “Zai iya zama dacewa ce kawai.”

Na mayar da hannu baya, na sake turawa. Ya sake zuwa. Na sake. Na leƙo na ce, “Farfesa, sau nawa kake so? Kwamin ya cika, takalminka ne zai sha sauran.”

Na faɗa musu komai: uwar Harm, ƙusa, Lahadi, Satumba. Roelof ya dafe kai. “Minti huɗu! Da ya tsaya a lokaci guda da tuni kwamfuta ta zubar da shi. Shekara goma sha biyu ina wucewa ta ƙofar nan!”

Renske ta matso kusa. Tana kallon agogon. Can ta ce, a hankali, “Ranar Talatar farantai fa?”

“Na zare filogi.”

“Ke nan kin sani.”

“Na ƙi sani.”

“Tun yaushe kike ƙin sanin?”

“Tun ranar dankali da faranti.”

“Kwana ashirin, Oma. Na tambaye ki a bayan coci ko na haukace. Kika ce in daina shirme.” Kunnuwanta sun yi ja, kuma ba ƙarya take yi ba. “Na sa masa suna Opa.”

Roelof ya ce, “To ai kin canka,” sannan ya toshe bakinsa da hannu. Ba wanda ya yi dariya.

Ta hau keke ta tafi, ba ta waiwayo ba. Farfesa ya ci kek yanka biyu, yana cewa abin sha'awa ne ƙwarai. Roelof ya kwance agogon daga bango don kwamiti su gani. Ya iya kwance ƙusa, ba laifi. Na naɗe shi cikin tsohuwar rigar sanyin Harm. Ya ce, “Goggo, sabon famfon…” Na ce ya kai wa uwarsa, ta wanke gashinta.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe 2:28

Shiru. Na zauna da biro duk da haka, kamar wawiya.

Ƙarfe 5:00

Roelof ya biyo. Kwamiti ya kalli agogo, ya kalli bayanan, ya ce Renske ba ta ƙirƙiri komai ba. Awonta daidai yake har daƙiƙa, har makonnin da sanyi ya sa agogon ya ɗan sassauta duk suna ciki. Sunanta ya fita fes. Tauraro kuwa babu. Sai ta sake rubuta rabin littafin digirinta, wataƙila shekara guda. Farfesa ya tashi ya ce, “Mun gano tushen ƙarar.” “Mun” ya warke, ya yi ƙiba.

Ba ta bugo ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, ban duba agogo ba

Ba ta bugo ba. Na ɗaga wayar sau biyu in ji ko ta lalace. Lafiyarta ƙalau, munafuka.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan coci

Na dawo na tarar da keke jingine a ƙofa, ita kuma a kan kujera a kicin, ƙusa a baki, tana rataye agogon a bangon da uwar Harm ta fara rataye shi. Ta cire faifan da wayar. Ba za a sake haɗa shi da famfo ba, an sa hannu, wannan karon ita ta sa.

Ba ta gaishe ni ba. Na ga lokacin da yake nunawa ba na mutane ba ne, na miƙa yatsa zan gyara. Ta buge mini hannu.

“Kar ki taɓa. Na saita shi da taurari. Wata bakwai ina auna shi, ya fi wasu farfesoshi riƙe alƙawari.” Ta miƙo mini makullin. “Ke murɗa. Ni zan riƙa zuwa Lahadi in gyara.”

Na ce, “Duk Lahadi? Tukunyata ta shiga uku.”

“Ban yafe miki ba tukuna, Oma.”

“Ban roƙa ba.”

“Akwai sauran kek?”

Akwai. Na ɓoye mata yanka uku tun kafin Farfesa ya zauna.

Kai mai leƙe, riƙe garinka. Amsa: agogon kicin ɗin uwar Harm Oosting ne, mai gudu da minti huɗu a rana, da ƙusa ɗaya, da famfon tumakin da aka sayar.